Goran Inna Fatna a Bahar Maliya

A unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, cikin wani lungu bayan tashar motocin haya, akwai gida mai hawa biyar wanda ɗaliban ƙasar Hausa kan gane da hanci tun kafin a nuna musu shi. A hawa na uku Inna Fatna take. Shekara tara ke nan tana soya kifi a nan, tana tuƙa tuwo, tana yin kisra, wainar dawar nan mai sirantaka kamar takarda wadda mutanen Sudan ba sa gajiya da ita. Da azahar ɗalibai ke hawowa da kwanukansu, ita kuwa tana zuba musu tana yi musu tambaya. Tambaya ce halinta. Ba ta taɓa shiga makaranta ba, amma da wuya mutum ya sauka daga matakalarta bai amsa wani abu ba. Wane irin kifi ake kamawa a Haɗeja? Kwara da Nilu wanne ya fi faɗi? Me ya sa jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin kogi ba ya cika da ruwa? In amsar ba ta gamsar da ita ba sai ta ce, "Je ka ka tambayo," kuma gobe ba za ta manta ba.

An haife ta a Mai Wurno, a ƙasar Sudan, a bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Kakanta ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya tsaya a can ya ɗan yi kamun kifi kafin ya ci gaba, har Allah ya karɓi ransa bai ci gaba ba. Mahaifinta, Sada, shi ma masunci ne, amma ba da kifi aka san shi ba. Duk lokacin da ruwa ya ci mutum a yankin, shi ake aika wa.

Ga yadda yake yi. Yakan ɗauko gora ya zuba masa yashi har rabi, ya toshe bakin da kakin zuma, ya ɗaura ƙyallen rigar wanda ya nutse a wuyan goran. Yashin ne sirrin aikin, in ji shi. Gora marar nauyi iska yake bi. Mai yashi kuwa yakan nutse har wuya, sai ya bi ruwa yadda jikin mutum zai bi. Sada yakan saki goran daidai inda mutumin ya faɗa, sannan ya bi shi ta gaɓa, da ƙafa, ba ya magana da kowa. Inda goran ya tsaya yana juyi a wuri ɗaya, nan zai nuna wa masu nutso su shiga.

Fatna ta fara bin sa tana da shekara bakwai. Ta lissafa, kuma lissafin yana kanta har yau: sau goma sha ɗaya goran ya kai su ga gawa, sau biyu ya kai su ga mai rai. Na biyun, kwana uku suka yi suna gangarawa, suka same shi a wani ƙauye da karyayyar ƙafa, mutanen garin suna ba shi kunu. Matarsa har ta fara karɓar gaisuwa. Daga nan Fatna ta san abin da ta sani game da ruwa: yana da sama, yana da gangare, kuma abin da ya ɗauka a sama sai ya ajiye shi a wani wuri a gangare. Abin da ake bukata kawai shi ne wanda zai bi da haƙuri.

Mijinta ya rasu a Khartum. A shekarar 2004 ta biyo ƙanenta Abakar zuwa Alƙahira, inda yake gadin wani bene a unguwar Dokki. Ta zo da ɗanta guda ɗaya, Isam, da tukwane biyu, da goran mahaifinta na ƙarshe, wanda ta rataye a ƙusa bisa ƙofar ɗakin girki. Isam ya gaji kakansa. Yana da shekara goma sha uku ya ƙetare kogi da iyo a tsakiyar damina, ya dawo, ya sha duka, washegari ya sake. A Alƙahira ya gwada fenti, ya gwada aikin shagon gahawa, duk bai zauna ba, sai da ya samu aiki a wani jirgin kamun kifi da ke tashi daga garin Suwais na bakin teku. Yakan yi kwana ashirin a teku, ya dawo ya yi mako guda. A haka ya auri Nuha, 'yar wani ɗan uwansu na Gadarif, yarinya marar hayaniya, ya kawo ta gidan uwarsa.

A watan Nuwamba na 2013 iska ta kifar da jirgin. Mutum bakwai suka tsira. Biyu daga cikinsu suka zo har Abbasiya, suka zauna a kan tabarma, suka ce sun ga Isam a cikin ruwa yana riƙe da wani katako, daga baya suka ga katakon ba shi. Abakar ya tafi Suwais ya yi kwana biyar yana zagaya ofisoshi da asibitoci. Da ya dawo, tambaya ɗaya Fatna ta yi masa.

"Kun bi gangare?"

"Yaya, teku ba shi da gangare."

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani."

"Kai da ko a Mai Wurno sai a kwarya ake kawo maka ruwan wanka," in ji ta. "Ka taɓa ganin ruwan da ba shi da inda ya dosa?"

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma bar soya kifi ba. Abu ɗaya ta hana: a taru a yi wa Isam addu'ar mamaci. Kuma tun da ba a yi ba, Nuha ba ta shiga takaba ba. A wajen mutanensu matar da mijinta ke raye ba ta zama da ƙafa fara ba lalle, don haka duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, Fatna takan kwaɓa lalle da hannunta, ta zaunar da Nuha a kan kujera 'yar tsugunne, ta ƙunsa mata tafin ƙafa da kan yatsu. Nuha takan miƙa ƙafar.

Haka aka yi wata uku. A farkon Fabrairu Abakar ya hawo da yamma, ya ƙi zama.

"Mahaifin yarinyar nan ya sake bugo waya," in ji shi. "Ya ce 'yarsa ba matar aure ba, ba mai takaba ba, to mece ce? Malam ya ce shaidar mutum biyun nan ta isa. Dattawa sun ce za su zo ranar Juma'a bayan masallaci, in kin yarda. In ba ki yarda ba, ba wanda zai tako miki gida da ƙarfi. Amma Yaya, shekarunta ashirin da biyu. Ita kuma ta ce ba za ta motsa ba sai da bakinki."

"Na ji," in ji Fatna. "Gaishe da mutanen Dokki."

Washegari Murja ta zo karɓar miya. Murja Bakanuwa ce, ɗalibar jami'a, matar wani ɗalibi ɗan Zariya mai suna Ya'ƙub, kuma ba ta iya riƙe labari a ciki. An gama jarrabawa, in ji ta, Ya'ƙub ya haɗa musu rihla, wato yawon shan iska na yini ɗaya. Sun ɗauki mikrobas, 'yar ƙaramar bas, ranar Talata za su Ain Sukhna su ga teku.

"Wane tekun?" in ji Fatna.

"Bahar Maliya mana, Inna. Wanda ya ci Fir'auna."

"Shi ne na Suwais?"

Murja ta gane inda bakinta ya kai ta. "Shi ne," in ji ta a hankali.

"Akwai wurin mutum biyu?"

Ranar Talata, tun hantsi bai yi ba suka bar Abbasiya, su goma sha huɗu har da direba. Fatna ta zauna a bakin taga da kwandon soyayyen kifi a ƙafarta da wani ƙullin zane a cinya, Nuha a gefenta. Bayan gidajen ƙarshe sai hamada, fara fat, ba ko tunkiya. A shingen sojoji aka karɓi takardun kowa aka duba aka mayar. Fatna ta yi ta tambayar direba: ina mutanen wannan daji suke samun ruwan sha, me ake haƙa a dutsen can, hayaƙin can na mene ne. Da ya gaji sai ya ƙara ƙarar rediyo.

Bayan awa biyu hanya ta karkata, sai ga shi a hagunsu. Ɗalibai suka ɗauki kabbara, wasu suka miƙe da wayoyi. Fatna ta zuba wa ruwan ido. Launin ne ya fara ba ta mamaki. Ruwan da ta sani ja ne da damina, kore-kore da rani. Wannan kuwa kamar an juye baba a marina.

Suka wuce katangun wuraren shaƙatawa da masu gadi a ƙofofinsu, har katangun suka ƙare. Ya'ƙub ya san wani wuri can gaba inda dutse ya gangaro har bakin hanya, jan dutse tsirara ba ko ciyawa, ya tsallake kwalta ya shiga ruwa. Nan suka tsaya. Babu rairayin kirki sai ɗan fili kamar faɗin tsakar gida, saura duk duwatsu ne baƙaƙe masu kaifi da ramuka. Iska tana kaɗa mayafai. Can nesa a kan wani dutse da ya miƙe cikin ruwa, wani tsoho yana zaune da fatsa.

Ya'ƙub ya tuɓe takalmansa ya jera su a kan busasshen dutse, ya naɗe wando, ya fara yi wa jama'a bayanin hukuncin alwala da ruwan teku, da abin da malamai suka ce, da inda suka saɓa.

"Ustaz, shekara bakwai kana karanta babin nan," in ji Murja. "Yalla, maza, ga ruwan, a yi mana alwalar mu gani."

Ya taka a hankali. Igiyar ruwa ta taso ta doke shi a gwiwa, ya ja da baya da gudu yana salati, mata suka fashe da dariya.

"Babin gudu kuma a wane littafi yake?" in ji Murja.

Fatna ta bar su ta gangara ita kaɗai. Ta tsuguna ta ɗebi ruwan a tafi ta kai baki. An sha gaya mata da gishiri, amma ta zaci irin na rijiyar kanwa ne. Wannan ya wuce gishiri, har da ɗaci a ƙarshensa. Ta tofar, ta sake ɗiba don ta tabbatar. Isam in yana iyo a kogi yakan buɗe baki ya sha yana tafiya. Ta tsaya a kan wannan tunani kaɗan, sannan ta ajiye shi gefe ta ci gaba da dubawa. Ta ga ƙaguwa masu gudu a kaikaice, ta ga wani abu baƙi mai ƙayoyi kamar bushiya a cikin rami, ta taɓa shi da tsinke, ƙayoyin suka motsa. Ta ɗaga kai, ta kare ido da hannu. Can ƙarshen ruwan, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi, akwai layin duwatsu.

"Nuha! Zo ki gani. Mene ne can?"

"An ce Sina'i ce, Inna."

"To ga ƙetare nan," in ji Fatna. "Kogi ne, faɗi kawai ya yi. Abakar ya je har nan bai ga ƙetare ba."

Ta kwance ƙullin zanen. Goran ne a ciki, ya yi baƙi don tsufa, da guntun kakin zuma, da ƙyalle mai ratsin kore wanda Nuha ta gane nan take, domin ita ta sha wanke rigar. Fatna ta cika goran da yashi har rabi, ta jijjiga shi kusa da kunne, ta rage kaɗan, ta toshe, ta ɗaure ƙyallen. Ta san ba nan jirgin ya kife ba. Abin da take so ta gani shi ne inda ruwan ya dosa, domin in ta san gangare, ta san gaɓar da za a bi ana tambaya ƙauye ƙauye.

Ta jefa shi daga bakin rairayi. Igiyar ruwa ta ɗauke shi ta dawo mata da shi har ƙafa. Ta sake jefawa, ya sake dawowa. A karo na uku ta tsaya tana dubansa, hannu a ƙugu.

"Bakin gaɓa ne," in ji ta. "Ko a gida bakin gaɓa yana da nasa wasan. Sai an kai shi cikin ruwa sosai."

Suka hau duwatsu suka nufi inda tsohon yake, Fatna a gaba da silifa, Nuha a baya tana riƙe mata gefen mayafi. Tsohon Bamisire ne, fatarsa ta ƙone da rana, sunansa Ragab. Ya amsa sallama, ya dubi goran, ya dubi matan.

"Wannan fa, ya hajja? In sihiri ne ki yi nesa da fatsata."

"Ba sihiri ba ne, awo ne," in ji Fatna da Larabcinta na Sudan. "Hannunka ya fi nawa ƙarfi. Jefa mini shi can inda ruwan ya yi duhu."

Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafi, ya ɗaga gira kamar ya yaba, ya wurga. Goran ya nutse, ya ɓullo, wuyansa kaɗai a waje da ɗan koren ƙyalle. Ya yi jim. Sannan ya fara tafiya hagu, wajen arewa, a hankali, ko da yake iska daga can take busowa.

"Kin gani?" in ji Fatna. Muryarta ta canza. "Iska tana tura shi nan, shi yana tafiya can. Ruwa yake bi. Gangaren yana wajen Suwais."

Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, amma ta riga ta juya.

Ta bi goran ta gaɓa yadda mahaifinta yake yi, ba ta magana. Gaɓar nan ba irin ta Mai Wurno ba ce. Babu turɓaya, babu hanyar shanu, sai hawa da sauka a kan duwatsu masu yanka. Silifarta ɗaya ta tsinke, ta cire duka biyun ta riƙe a hannu. Nuha ta ga jini a diddigenta ta ce, "Inna," Fatna ta ɗaga mata hannu. Suka wuce ɗan filin rairayin. A nan suka tarar da hayaniya: filin ya ragu da rabi, an janye tabarmi, dutsen da Ya'ƙub ya jera takalmansa ya shige ruwa, ƙafa ɗaya tana yawo can ciki, ɗayar ba labari.

"A busasshen wuri na ajiye su, wallahi!" yake cewa.

"Ma'alish, yi haƙuri, Ustaz," in ji Murja. "Ka koma Abbasiya ba takalmi, a matsayin waliyyi."

Fatna ta ɗan tsaya. Ta dubi sama, babu gajimare ko ɗaya. Ruwa ya ƙaru kusan kamu biyu cikin awa biyu. A saninta kogi ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama a wani wuri can sama, kuma yakan zo da ja da itatuwa. Wannan ya ƙaru, launinsa bai canza ba. Ta riƙe tambayar a ranta, ta ci gaba, don goran bai jira ta ba.

Wajen azahar, daura da wani dutse mai kama da raƙumi a durƙushe, goran ya rage tafiya. Ya tsaya. Ya fara juyi a wuri ɗaya.

Fatna ta zauna a kan dutse ba tare da ta yi niyya ba. Sau goma sha uku ta ga gora yana wannan juyi, kuma kowane karo akwai mutum a ƙarshensa. Ta san Isam ba ya nan, nisan wurin da jirgin ya kife ya fi haka. Duk da haka ƙirjinta ya buga irin bugun da yake yi tana yarinya. Nuha ta tsuguna a gefenta, ta kama hannunta. Suka zuba ido.

Goran ya yi juyi kamar na minti ashirin. Sannan ya fara tafiya dama.

Da farko Fatna ta ce idonta ne. Ta sa wani tsinin dutse ya zama alama, ta rufe ido ɗaya. Goran ya wuce alamar, yana komawa inda ya fito. Ta miƙe ta bi shi, ta sake hawa duwatsun da ta sauka, ta sake wuce filin rairayin, wanda yanzu ya fara faɗaɗa, jiƙaƙƙen yashi yana bayyana. Ɗalibai suna cin kifinta suna kiranta, ba ta waiwaya ba. Goran ya zo daidai inda aka jefa shi, ya wuce, yana ƙara nisa da gaɓa.

Tsohon yana nan a kan dutsensa yana naɗe zare.

"Ya koma baya," in ji Fatna.

"Zai koma mana. Na so in gaya miki."

"Ruwa ba ya komawa baya."

"Naku na Nilu ke nan. Wannan sau biyu yake shiga, sau biyu yake fita, kullum, tun da aka halicce shi. In kin zauna har dare za ki ga abinki ya sake juyowa, ko kuma ba za ki gan shi ba. Na sama yana tafiya nan, na ƙasa yana tafiya can, iska kuma tana da nata ra'ayin."

"To ina yake zuba?"

"Ba ya zuba ko'ina, ya hajja. Shi ake zuba wa."

Ta zauna kusa da shi, abin da ba ta saba yi da baƙon namiji ba. Ta yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma da ya ga irin tambayoyin sai ya ajiye zaren. Jiragen Suwais masu kwana ashirin, ina suke zuwa? Kudu, in ji shi, tafiyar yini da kwana ko fiye, inda bakin nan yake buɗewa. A can ana ganin ƙetare? Ba a gani, ko ta ina ka juya ruwa ne. A watan Nuwamba ruwan ya fi na yau sanyi? Bai kai na yau ba, amma in mutum ya daɗe a ciki duk ɗaya ne. In iska ta tashi, igiyar ruwan takan kai ina? Ya nuna mata wani dutse da ya fi tsayin mutum biyu.

"Mutumin da ya iya ruwa ƙwarai," in ji ta. "Ba irin iyawar 'yan birni ba. Wanda aka haifa a ciki. Kwana nawa zai yi?"

Tsohon ya dubi Nuha, ya dubi jan lallen da ke ƙafarta, ya mayar da ido kan ruwa.

"Shekara hamsin ina nan," in ji shi. "Na ga wanda ya kwana ɗaya aka tsamo shi. Ban ga wanda ya kwana biyu ba. Ba rashin iyawa ba ne. Sanyi ne, da ƙishirwa, da rashin inda za ka nufa."

"Akwai ƙauyuka a gaɓar can, inda za a tsinci mutum a yi jinyarsa ba a san danginsa ba?"

"Gaɓar can kamar wannan take. Dutse, sai hanya, sai sojoji. Wanda ya fito, kafin la'asar an san sunansa."

Fatna ta gyaɗa kai. Ta yi masa godiya kamar yadda take yi wa ɗalibin da ya kawo amsa cikakkiya. Ta sa Nuha ta je ta ɗebo masa kifi daga kwando, ya karɓa yana dariya, ya ce yau ya ga mai kawo wa masunci kifi daga Alƙahira.

Ba ta tashi daga dutsen ba sai da goran ya ɓace. Ya ɗauki lokaci. Ƙyallen yakan ɓullo a kan igiyar ruwa, ya faɗa, ya sake ɓullowa can gaba. Daga baya ta lura tana ganinsa a wurare biyu, sai ta san ba shi take gani ba. Ta sauko ta wanke ƙafafunta a wani ɗan rami da ruwa ya bari, gishirin ya shiga yankan, ta ja iska ta haƙora. Nuha ma ta sa nata ƙafafun. Yashi da ruwan gishiri sun ci lallen, ya koma ruwan goro, gefen diddige har ya fara fari. Jibi Alhamis, ranar ƙunshi. Dukansu biyu suka dubi ƙafar.

Bayan la'asar suka kama hanya. Ya'ƙub ya shiga mota da ƙafa ɗaya a takalmin da aka tsamo, ɗaya a leda, Murja ba ta bar shi ya huta ba har shingen sojoji. Daga nan gajiya ta kwantar da kowa. Dutsen ya koma bayansu, hamada ta yi ja.

Fatna ta taɓa kafaɗar Murja, wadda ke kujerar gabansu.

"Gobe in kin zo karɓar miya, ki tuna mini. Akwai lalle a gwangwani bisa kanta, mai kyau ne, na Sudan. Ki tafi da shi."

"Inna, ai na Nuha ne," in ji Murja, sannan ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da mayafi.

"Ki tafi da shi," in ji Fatna.

Ta ciro wayarta daga ƙullin zanen, wanda yanzu ba komai a cikinsa sai ita, ta miƙa wa Nuha ta nemo mata lambar Abakar. Sai da Nuha ta gwada sau biyu.

"Abakar. Ka gaya musu Juma'a. A'a, a gidana, ina kuma? Ka zo da tabarmi daga wajenka, nawa ba za su isa ba. Ka kira Gadarif ka gaya wa mahaifinta." Ta saurara kaɗan. "Na je na gani. Ba shi da gangare. Ka yi gaskiya, amma ba ka san dalili ba."

Ta kashe wayar. Nuha ta kifa kanta a kafaɗarta, kukan da ta riƙe wata uku ya fito ba ƙara, sai jikinta da ke girgiza. Fatna ta ja gefen mayafinta ta rufe ta da shi, ta bar hannunta a kan bayanta. Ita kanta tagar take kallo. Sun yi tafiya mai nisa a haka, har fitilun farko na Alƙahira suka fara bayyana.

"Ya'ƙub," in ji ta.

"Na'am, Inna."

"Ruwan nan da yake shiga yana fita sau biyu. Me ke jan sa?"

Ya'ƙub ya juyo. "An ce wata ne, Inna."

"Wata na sama?"

"Shi."

"Da rana tsaka ya ja shi yau. Ina watan yake a lokacin?"

Ya'ƙub ya sosa gemu, ya dubi Murja, Murja ta kau da kai.

"Je ka ka tambayo," in ji Inna Fatna. "In ka zo Juma'a ka gaya mini."